Me Ka Gani, Maigidana?

Mu a Lazare, nan Yamai, yaro ba ya firgita shi kaɗai. In ya ƙwalla ƙara da tsakar dare, kafin uwarsa ta lalubo tocila gida uku sun farka, kafin a sallame Asuba kuwa layin duka ya ji, kowa ya taho da sunan ciwon a baki da maganinsa ƙulle a gefen zane. Ba mai jiran a tambaye shi. Mai kokon bakin titi ta ce iska ce, ai jiya da almuru da idonta ta gan shi yana tsalle kan juji. Hajiyar gidan kusurwa ta ce baki ne, yaron ya cika shiga rai, wa ya ce a riƙa sa masa sabuwar shadda ana yawo da shi gidan biki? Tsohon mushen lakwal ya gyara tabarau ya ce tsutsar ciki ce kurum. Maƙwabciyarmu Bazabarma ta ja uwar gefe, ta rage murya, ta ce ta san wani zima a Harobanda da ba ya cin kuɗi da yawa. Samarin fada suka ajiye butar shayi suka ce subhanallahi, wane irin zima, ga ruƙiyya nan a waya, a kunna masa kawai. Kowa da gaskiyarsa, kowa kuma tsakaninsa da Allah yake faɗa, don har yau a unguwar nan ɗa na kowa ne.

Mu kuwa ba ma zaɓe, duka muke yi. Da safe a goya shi zuwa asibiti, a bi layi, a karɓo ordinans, a biya farmasi a sayo siro. Da la'asar a wanke allo a ba shi rubutu ya kora siron da shi. Da magariba a zuba habbatus sauda da tazargade a kasko, a lulluɓe shi da zane har sai ya yi atishawa uku. Ga ganyen magarya guda bakwai an daka don wanka, ga wuƙa an tura ƙarƙashin matashi, ga uban ya karanta Falaƙi da Nasi ya tofa a tafin hannu ya shafe shi tun daga kai har ƙafa. In sauƙi ya samu ba ma zama gardamar wanne ya yi aiki, sai mu ce Allah ne ya kawo, kuma gaskiya muka faɗa. Akwai Alhajin da duk mun sani, wanda in ya tashi wa'azi kan laya har jijiyar wuyansa ke tashi, ga autansa nan da laya biyu a ƙugu, mahaifiyar Alhajin ce ta ɗaura da hannunta. Yana ɗaga yaron sama yana masa wasa, hannunsa na taɓa su, sai ya ɗauke kai ya dubi rufin ɗaki. Wa zai ja da uwa? A bar kaza cikin gashinta.

Sai kuma batun Dodo, wanda babu mai tsarkin hannu a cikinmu. Da rana mu ke kiransa: ci tuwon nan ko Dodo ya zo, sauko daga katanga ko in kira mai buhu, yi shiru ko likita ya soka maka allura. Mu muka raini Dodon nan, muka ba shi haƙora da jajayen idanu, muka nuna wa yaro lungun da yake kwana. Dare na yi yaro ya gan shi, sai mu kwance jika biyu mu kai wa malam ya kore shi. Ranar da za a je asibiti kuma yaro ya riƙe ƙofa yana ihu, mu tsaya muna mamakin inda ya koyi tsoron likita.

Amma abin da ya fi ɗaure mini kai game da mu shi ne wannan. Mun yarda ƙwarai yaro yana ganin abin da babba ba ya gani. Jariri ya yi murmushi cikin barci, mu ce mala'iku ke masa wasa. Tagwaye su ɓata rai, mu lallashe su da sauri kada su turo kunama. Yaro ya ƙura wa kusurwar ɗaki ido, uwa ta yi bisimilla ta ɗauke shi. Gaibu dai mun sallama masa. Abin da ke gabansa a fili kuwa, sai mu ce yaro ne, bai san komai ba. A yi cacar baki a kansa har a kai ga saki, a kwashe kayan uwarsa a mota yana tsaye riƙe da ƙofa, mu ce zai manta. Ubansa ya rasu, mu tura shi gidan maƙwabta har a ɗauki gawa, in ya tambaya mu ce Baba ya yi tafiya. To a garin da uban kowane yaro na uku yana Kwatano ko Abijan ko Libiya wajen bida, wanda ya yi tafiya ai dawowa yake da tsaraba. Sai yaro ya shekara yana leƙen bakin titi duk lokacin da ya ji tsayuwar taksi. Muna sa wa ɗan wabi suna Ajuji ko Ayashe ko Abarshi don mutuwa ta raina shi ta wuce, ya girma da sunan har ya yi furfura, amma da wuya a samu wanda ya zaunar da shi ya ba shi labarin yayyen da suka riga shi tafiya.

Ko sunan unguwar tamu na da alaƙa da jinya. A takarda ana rubuta shi Lazaret, kalmar Faransanci ce ta wurin da ake keɓe masu ciwo mai yaɗuwa. A nan aka kafa sansanin waɗanda farin 1973 da 1974 ya koro, galibinsu Buzaye daga arewa da Mali, dabbobinsu sun ƙare a hanya. Yaran da suka kwana a sansanin nan, waɗanda Allah ya ja kwanansu, yau sun ba hamsin baya duk inda suke. An auna su, an ba su madara da hatsi, Allah ya saka wa waɗanda suka yi. Nakan tambayi kaina ko akwai wanda ya durƙusa a lokacin ya ce wa ɗayansu, me ka gani a hanya?

Abin da ya sa tambayar nan ta zauna mini a rai, a gidanmu ya faru. Saura mako uku Layya, yayana ya sayo rago a Turaku, fari mai baƙin kunne, aka ɗaure shi gindin bishiyar tsakar gida. Autansa, ɗan shekara shida, ya maida ragon nan aboki. Shi ke kai masa dusa da harawa, shi ke wanke shi da ragowar sabulun uwarsa, har suna ya raɗa masa, in aka neme shi da rana a can za a same shi kwance jikin ragon yana ba shi labarin lakwal. Mu duka muna gani muna dariya. Ranar Salla aka kira shi musamman ya riƙe ƙafa, wai don ya zama namiji. Wanda ya san Layyar Yamai ya san abin da ke biyo baya: a feɗe, a buɗe ragon a soke shi kan itace a gicciye, a jera shi da na maƙwabta kewaye da wuta a bakin titi, tun azahar har dare, hayaƙi ya rufe gari. Yaron ya tsaya ya kalla bai yi kuka ba, aka ce kai, jarumi.

Kwana biyu bayan nan ya fara firgita. Ya koma fitsarin kwance da ya bari tun yana shekara uku, ya ƙi nama, ya ƙi fita tsakar gida in rana ta faɗi. Sai unguwa ta tashi da aikinta kamar yadda na faɗa, babu abin da aka rage. Dare goma sha ɗaya ana abu ɗaya. A na sha biyu, Inna, kakarsa, wadda ta zo daga Dogon Dutsi yi mana barka da Salla, ta ce a miƙo mata shi. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ta ɗora kansa a cinyarta, ta tofa masa addu'a kamar kowa. Sannan ta yi abin da babu wanda ya yi cikinmu.

"Maigidana, me kake gani in ka rufe ido?"

Ya yi shiru har muka ɗauka ya yi barci. Can ya ce, "Yana zuwa, Inna. Ba shi da riga."

"Wa ke zuwa?"

Ya faɗi sunan ragon. Ya ce yana tsayawa bakin ƙofa ba fata a jikinsa, yana jin sanyi, yana dubansa. Sai ya fashe da kukan da bai yi ba ranar Salla, ya ce, "Ni na riƙe masa ƙafa."

Uwarsa ta sa gefen mayafi a ido. Yayana ya tashi ya fita waje. Inna ba ta ce masa mafarki ne ba, ba ta ce rago dabba ne ba ya fushi ba. Ta bari ya gama, ta share masa hanci da zanenta, sannan ta ɗauko labarin Annabi Ibrahim da ɗansa da ragon da aka saukar fansa, a hankali, kamar tatsuniya. Ta ce masa ragon Layya ba kamar sauran raguna ba ne, zaɓaɓɓe ne, kuma tsofaffi na cewa ranar gobe shi zai ɗauki mutanen gidansa ya ƙetare da su siraɗi. Yaron ya ɗago ya ce, "To zai gane ni?" Ta ce, "Wanda ya ba shi dusa mako uku? Kai zai fara nema, ni uwargidanka sai dai in bi ku a ƙasa." Ya yi 'yar dariya cikin hawaye. Ya sake tambaya ko an mayar masa da rigarsa a can, ta ce wadda ta fi ta da. Daren nan ya farka sau ɗaya, ta riƙe hannunsa ya koma.

Ɗiyar gwaggonmu da ke karatun halayyar ɗan Adam a Jami'ar Abdu Mumuni tana wurin, ita ta riƙe fitila. Washegari muna shan koko ta ce, abin da Inna ta yi jiya shi ake koya musu da manyan littattafai. Ta ce mai jinyar zuciyar yaro ba ya fara da gardamar ko aljanin gaskiya ne ko ƙarya. Yakan zauna ƙasa daidai tsayin yaron, ya ba shi takarda da fensir ko yumɓu ko 'yar tsana, ya ce zana mini shi, ina yake tsayawa, me yake so, wa yake tsoro? Yaro ba shi da kalmomin da zai ce ina jin nauyin laifi, amma zai iya zana rago ba fata. In kuma yaron ya ce addu'ar kakarsa ce ke korar abin, mai jinyar zai riƙe addu'ar nan da hannu biyu ya yi aiki da ita, don ita ce igiyar da yaron ya riga ya kama.

Masu wannan jinyar sun daɗe ba su kai nan ba, in ji ta. An yi zamani a Turai da Amurka da masana fannin ke ɗaukar addini wani abu da mai hankali zai girma ya bari. Sai a ƙarshen shekarun 1960 su Abraham Maslow da Anthony Sutich da Stanislav Grof suka ce ɗan Adam ya wuce cikinsa da tarihin yarintarsa, yana da ƙishin abin da ya fi shi girma, suka kafa reshen da ke duban abin da ya zarce mutum shi kaɗai, mujallarsu ta fara fita a 1969. A 1990 Robert Coles, likitan ƙwaƙwalwar yara a Harvard, ya fitar da littafi kan rayuwar ruhin yara bayan ya yi shekaru yana zama da 'ya'yan Musulmi da Kirista da Yahudawa yana saurarensu, ya tarar ƙananan yara na tunanin Allah da mutuwa da adalci da zurfin da manya ba su zata ba. Tun kafin su, likitan yara na Ingila Donald Winnicott ya yi rubutu a farkon shekarun 1950 kan tsumma ko 'yar tsanar da yaro ke ƙanƙamewa in uwarsa ba ta kusa, ya ce kada a wanke, kada a ƙwace, don ƙamshin uwa da amincinta ne yaron ke riƙe. Da ta faɗi haka duk muka dubi tsohon ɗankwalin da autan ke kwana da shi a hannu, wanda uwarsa ta sha yunƙurin jefarwa. Ban shiga hukuncin laya ba, na malamai ne, sun kuma yi bayani. Amma na ga yaro cikin duhu ya lalubi abin da kakarsa ta ɗaura masa, numfashinsa ya daidaita.

Ba sai mun je Amurka ba ma. A Dakar, daga 1959, Henri Collomb ya buɗe ƙofar asibitin Fann ga dangi da masu maganin gargajiya, mara lafiya ya kwanta da ɗan rakiyarsa, a riƙa taro a tsakar gida kowa ya yi magana, kamar dai yadda muke yi a ƙofar gida. A wurinsa ne András Zempléni da Jacqueline Rabain suka yi nazari a 1965 kan yaron da Wolof ke kira nit ku bon, mai sunkuyar da kai, mara son magana, wanda ake jin tsoron kakan da ya rasu ne ya dawo kuma yana iya komawa ko yaushe. Duk wanda ya san ɗan wabi ya gane shi. Suka lura yadda tsoron iyaye da lallaɓawarsu ke naɗe yaron har ya zama abin da ake faɗa a kansa. A Abeokuta kuma tun 1954 Thomas Lambo ya zaunar da marasa lafiya a gidajen ƙauyen Aro tare da danginsu. Mu Musulmi kuwa gadonmu ya fi haka tsufa. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan kula da jiki da rai tare, ya yi babi kan tsoro da baƙin ciki da waswasi, ya ba da shawara mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake lafiya kamar yadda ake ajiye magani a gida. Malik Badri, masanin nan ɗan Sudan, shi ya fassara sashen rai na littafin zuwa Turanci. Kuma wa ya manta da ƙanen Anas ɗan Malik, ƙaramin yaron da ɗan tsuntsunsa ya mutu, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya gan shi cikin damuwa ya kira shi da alkunya kamar babban mutum ya tambaye shi labarin tsuntsun? Annabi Yusuf ma yana yaro ya kai wa mahaifinsa mafarki, uban ya saurara har ƙarshe. Muna karanta surar, muna kuka a tafsiri, mu dawo gida yaro ya ce Baba na yi mafarki, mu ce je ka wanke ido.

Akwai inda nake so mu ji kunyar juna kaɗan. Mun maida Pabiyon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa, abin zolaya, wanda duk ya yi shirme mu ce a kai shi can, shi ya sa in aka ce wa uwa ta kai ɗanta wajen sikolog sai ta dafe ƙirji ta ce ɗana ba mahaukaci ba ne. Gara mata a ce aljani, don aljani ba ya hana aure. Da damina kuma, daga Yuli zuwa Oktoba, yaron da jikinsa ya yi zafi ya sanƙare, ido ya juye, sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, kuma ba ya jiran a gama hayaƙi. A tofa masa addu'a a kan babur ana gudu zuwa asibiti, Allah na ji a hanya. Haka mai ruƙiyyar da ke ɗaukar bulala ko ya zuba barkono a wuta wai aljani yake horo, jikin da ke tsuma ɗin na yaro ne, kuma mu da ke tsaye muna kallo da mu aka yi. Shekara da shekaru muna jin labarin 'yan mata na faɗuwa a makarantun ƙasar nan, wanda aka laƙaba wa aljani mai surutu, kamar yadda Kano ta yi fama da Sumbuka a shekarun 1990. A kira malamai, a yi karatu, aljanin ya yi magana da bakin yarinya awa guda, kowa ya kasa kunne, har tambayoyi ake masa, daga ina kake, me kake so. Yarinyar ta farfaɗo, sai a ba ta ruwa a ce ta tafi gida. Ita ba a tambaye ta me take so ba, ko jarrabawa ce ta tsaya mata a wuya, ko auren da ake ƙullawa ba da saninta ba. Kukan kurciya jawabi ne, mun sani, mu muka yi karin maganar.

Autan yayana dai ya ɗauki kusan wata kafin fitsarin ya tsaya. Ɗiyar gwaggo ta kawo masa takarda da fensir masu launi, ya zana ragon sau ba adadi, na farko ja wur, na baya da farin gashi da baƙin kunne har da wata 'yar hula. Inna ta koma Dogon Dutsi, amma duk Juma'a sai an kira ta a waya ta yi wa maigidanta tofi ta cikin lasifika, shi kuma ya shafa a fuska da gaske. Hajiyar gidan kusurwa har gobe tana cewa hayaƙinta ne ya yi aiki, mai koko ta ce rubutu ne, ba wanda ya musa musu. Da Layya ta zagayo, yayana ya ƙi sayen rago da wuri, sai ana jibi Salla ya kama hannun yaron suka tafi Turaku tare. A hanya, in ji shi, ya faɗa masa abin da za a yi wa ragon da dalilin yin sa, ya ce in ya so ya tsaya, in bai so ba ya tafi gidan Tanti har a gama. Yaron ya zaɓi gidan Tanti. Da yamma ya dawo ya tsaya nesa da wutar yana kallo, hannunsa cikin na ubansa, sannan ya ce a ajiye masa hanta.